Kyaftin Pan Ya Ɗaure Bene

Tun da aka kafa birnin Kaohsiung an ga girgizar ƙasa, an ga ambaliya, an ga shekarar da kabeji ya fi nama tsada, amma ba a taɓa zaluntar ɗan Adam irin zaluncin da aka yi wa Kyaftin Pan Kun-shan a safiyar wata Talata ba. Abin takaicin kuma, har yau babu wanda ya je ya ba shi haƙuri. Jarida ba ta buga ba. Magajin gari ko ɗan aike bai turo ba.

Kyaftin yana tsaye ne gaban madubi, a gidansa da ke hawa na talatin da shida na Benen Farin Gajimare, almakashi a hannu, yana gyaran gashin baki. Wannan gashin baki kuwa ba irin na kowa ba ne. Shekara da shekaru ana kiwonsa, ana shafa masa mai, ana murza bakinsa sama kamar ƙahon ɓauna. Ya ɗaga almakashi zai cire sili guda da ya yi tawaye, sai ji kake ƙyat! Ɓangaren hagu gaba ɗaya ya faɗo cikin kwanon wanke fuska.

"A-Chu!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Zo ki ga abin da benen nan ya yi min!"

A-Chu ta leƙo da ludayi a hannu. Ta dubi fuskar, ta dubi kwanon.

"Benen ne ya riƙe almakashin?"

"Layi ya yi! Iska ta kaɗa shi, ya ture min hannu."

Ta waiga baranda, inda wankinta ke rataye. Ko safa ba ta motsi.

"Wace iska, maigida? Da dai ka sa tabaran da likita ya ba ka..."

"Tabarau na tsofaffi ne. Ni idon nan nawa ya sha hango tsibiri tun jirgi bai yi tunanin isa ba."

"Uhm," in ji A-Chu, ta koma wa tukunyarta.

Ku ji fa. Mutum yana cikin makoki, ana yi masa zancen tabarau.

To, gaskiya ne benen yana layi idan guguwar teku ta zo. Fitilun da ke rataye su dinga kaɗa kai, ruwan baho ya dinga leƙen wannan gefe da wancan, can sama kuma wani abu ya dinga nishi. Mazauna sun saba, ko a jikinsu. Gaskiya ne kuma zaɓen shugaban kwamitin mazauna ya matso, kuma Kyaftin ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar. Shugaba ne ake rubuta sunansa da ruwan zinari a ƙofar shiga. Shi ke kunna turaren tsinke na farko ranar sadakar watan fatalwa, kowa na tsaye a bayansa. Kujerar kuwa tana hannun Malama Kuo, tsohuwar malamar kimiyya, mace siririya mai tabarau, wadda ta rantse ba za ta taɓa kiransa Kyaftin ba. Ita da sauran mahassada cewa suke wai bai taɓa tuƙa ko kwale-kwale ba, wai duk rayuwarsa a bakin gaɓa ya yi ta, yana cafe igiyar jirgin fito yana ɗaurawa a turke. Kyaftin ba ya kula mahassada. Yana da farar hula mai alamar anga, kuma hula ba ta ƙarya.

Da yamma ya sauko zauren ƙasa, inda ake buga majan, wasan tebur na mutum huɗu da ƙananan tubala masu zane. Baba Tu, tsohon da ya fi kowa daɗewa a benen, ya ɗago kai, ya karkata shi gefe guda.

"Kun-shan, jirginka ya kwanta hagu. A zuba kaya a ɗaya ɓangaren mana."

Aka fashe da dariya. Kyaftin ya hau kan matakala ta biyu don kowa ya gan shi.

"Ku yi dariya. Yau gashin bakina ne, gobe wuyan wani ne. Mun sayi gida ne ko mun sayi lilo? Ku zaɓe ni, ni kuma in tsayar muku da benen nan cak!"

"Malam Pan," in ji Malama Kuo, ko ɗago kai ba ta yi daga majan ɗinta ba, "dogon bene dole ya yi layi. Haka aka gina shi, ya ɗan ba iska hanya ya dawo. Kuma layin da kake ji ragowa ne. Ƙwallon da ke sama ya shanye mafi yawansa."

"Wane ƙwallo?"

"Na ƙarfe, a ɗakin da ke saman ɗakin taro. Ya fi motar bas goma nauyi. A rataye yake. Idan iska ta tura bene hagu, nauyinsa ba ya barinsa ya bi nan take, sai ya zama yana janyo benen baya. Kafin bene ya koma dama, shi kuma ya tafi hagu. Kullum saɓanin juna suke, shi ya sa kake iya shan shayinka."

Kyaftin ya dafe ƙirji.

"Jama'a, kun ji da kunnenku! Ƙarfe mai nauyin bas goma yana reto a kan kawunanmu, babu wanda ya ɗaure shi, kuma ana mamakin bene na rawa! A jirgi, ko cokali ne ya yi motsi ɗaure shi ake."

"Bene ba jirgi ba ne."

"Malama, ke a allo kika zana iska da alli. Ni mari na sha a hannunta a tekun Indiya."

"Tekun Indiya ta zo mashigin Cijin na bakin garin nan ne?" in ji Baba Tu.

Nan fa Kyaftin ya harzuƙa. Dama rediyo ta ce guguwa na tafe ƙarshen mako, kuma kowa ya san ranar hutun guguwa ce kaɗai mazauna ke cika taro, don babu wurin zuwa. Ya ce a yi zaɓen ranar, kuma ba a zauren ƙasa ba, a ɗakin taro na hawan ƙarshe, inda layin ya fi ƙarfi. Shi zai dafa romon kifi, a cika wa kowa kwano fal har baki.

"In ɗigo ɗaya ya zube, na janye daga takara. Kuma," ya kama ƙahon dama ya murza, "in datse wannan da hannuna a gabanku."

"Ni zan kawo almakashi," in ji Baba Tu.

Saura mabuɗi. Mabuɗin ɗakin ƙwallo yana ƙugun Lo maigadi, ƙaton mutum mai tauna binlan, goron ƙasar, har bakinsa ya yi ja-wur, wanda ba ya tsoron ɓarawo amma ko kyanwa ta yi tari a watan fatalwa sai ya nemi wurin ɓuya. Kyaftin ya jingina da teburinsa, ya rage murya.

"Lo, ka ji nishin nan na sama kwanan nan?"

"Ai ƙwallon ne, Kyaftin. Malama ta ce..."

"Malama ta ce. Wane wata muke ciki?"

Lo ya daina tauna.

"Kowace shekara a ƙasa muke shimfiɗa sadaka. 'Yan'uwa na Gari, matattun da ke yawo a watan nan, waɗanda suka hau sama fa, wa ya taɓa kai musu ko lemo? Yunwa suke ji, Lo. Kuma in sun sauko neman abinci, wa za su fara tararwa a ƙofa?"

"Wayyo ni. To yanzu ya za a yi?"

"Sai wani ya hau ya kunna musu turare. Kai ne maigadi, aikinka ne."

Kafin Kyaftin ya rufe baki mabuɗi yana tafin hannunsa, har da ƙarin ƙullin binlan na godiya.

Igiya kuwa ba ta yi wuya ba. Ya je tashar jirgin fito, inda, abin mamaki, kowa ya san shi har ana ce masa "Pan mai turke", ya karɓo tsofaffin igiyoyin jirgi masu kaurin cinyar mutum, da guma-guman katako na weji. Shigo da su ne aiki. Ya naɗe igiya guda a amalanken kasuwar A-Chu, ya lulluɓe da jan ƙyalle, ya ɗora abarba a kai, ya tura cikin lif. A hawa na biyar lif ya tsaya, Baba Tu ya shigo, ya ja hanci.

"Me ke warin mataccen kifi haka?"

"Sadaka ce, Baba."

"Fatalwar ma ai sai ta yi zuciya." Ya ɗaga gefen ƙyallen da sandarsa. "Igiya suke ci yanzu?"

"Na matuƙa ne, waɗanda teku ta cinye. Kowa da abin da yake marmari."

A zuwa na biyu ƙafar amalanken ta cire, igiya ta warware, jelarta ta maƙale a ƙofar lif, lif ya tsaya tsakanin hawa da hawa yana kuka. Da aka buɗe shi da ƙyar, sai ga Kyaftin zaune a kan abarba. Bai yi ihu ba. Ya ce motsa jiki yake. A zuwa na uku bayansa ya riƙe, ya ƙarasa sauran aikin a duƙe kamar mai neman allura. A-Chu ta tambayi amalankenta, ya ce bene ne ya karya shi.

Amma da ya buɗe ɗakin nan ya ga ƙwallon, sai ya manta da ciwon baya. Ga shi nan, ƙato, an shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, yana rataye da wayoyin ƙarfe, a ƙarƙashinsa wasu sanduna masu shiga da fita kamar famfon keke. Iskar da ke gaba da guguwa ta fara busawa, ƙwallon yana ɗan matsawa a hankali, sandunan suna huci. A bango an rubuta gargaɗi da manyan jajayen haruffa. Kyaftin ya ga wani ja-ja dai a bango, ya ɗauka ado ne.

"Kai ne ko?" ya ce wa ƙwallon. "Kai ne mai aski?"

A nan dole ko maƙiyinsa ya sara masa. Mutumin ya iya igiya. Ya zagaye ƙwallon ta kusurwa huɗu, ya kai kowace igiya ginshiƙi, ya ja, ya naɗa, ya zarge, ya yi wani ƙulli wanda duk yadda aka ja shi ƙara cijewa yake, ya bar ɗan jela a ɓoye a ƙarƙashi. Ya bi sandunan da weji ya tokare su, ya buga da guduma. Ƙwallo ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa. Kyaftin ya kunna turaren tsinke guda ya soka a abarbar da ta lotse, don kada a ce ya yi wa Lo ƙarya, ya kulle ƙofa.

Ranar guguwa gari ya waye da duhu. Tagogi duk an manna musu salatif gicciye, shagunan ƙasa sun ja ƙofa, allunan talla suna yawo a titi kamar marasa iyaye. Kafin azahar ɗakin taro ya cika, har da waɗanda ba a taɓa gani a taro ba, don an ji akwai romo kyauta kuma akwai yiwuwar aski. Kyaftin ya sha fararen kaya, hula a karkace ta gefen da babu gashin baki. Ya bi tebur da kansa yana cika kwanuka har romo ya yi tozo.

"Kun ji nishi?" ya tambaya.

Aka kasa kunne. Babu nishi.

"Kun gani? Da dabara ake zama da iska. Lokacin da muke keta tekun..."

Iska ta daki benen.

Ba irin layin da aka saba ba ne, ɗan kaɗa kai a dawo. Wannan tafiya ce. Benen ya tafi hagu, ya tafi, ya ci gaba da tafiya kamar ya tuna wani saƙo a can. Romon kwanuka duk ya miƙe tsaye a gefe guda. Aka riƙe numfashi. Sai bene ya juyo dama, romo ya biyo shi, ya tsallake bakin kwano, ya sauka a cinyoyin mutanen da ke ɗaya gefen tebur.

"Ɗigo ɗaya, in ji ka?" in ji Baba Tu, kan kifi na zaune a aljihun rigarsa.

"Wannan tebur ne bai daidaita ba!"

Bene ya koma hagu. Kujeru masu taya suka tafi da masu su. Akwatin zaɓe ya zame ya bi su. Wata mata ta cafe ɗanta da hannu ɗaya, ta cafe tukunyar fure da ɗayan. Kifayen ado da ke cikin akwatin gilashi suka fara fitowa ɗaya-ɗaya ba tare da an gayyace su ba. Lo maigadi ya shigo da rarrafe yana cewa lif ya ƙi tafiya, wayoyinsa na dukan bango, na'ura ta kashe kanta.

"Wato nan za mu zauna?" in ji wani.

"Ko ku taka hawa talatin da takwas a haka," in ji Lo.

Sai fuskoki suka fara canza launi. Aka daina zancen romo, aka koma neman bokiti. Kyaftin ya riƙe ginshiƙi, ya buɗe ƙafafu irin na matuƙa.

"Jama'a, ku kwantar da hankali! Wannan ai wasan yara ne. Ku kalli nesa, ku ja numfashi. Ni da na yi wata uku a kan igiyar ruwa mai tsayin... mai tsayin..."

Ya dafe baki. Ya haɗiye. Ya sake haɗiyewa. Duk ɗakin babu bokitin da ba shi da mai shi. Ya duba hagu, ya duba dama, ya cire farar hular nan mai alamar anga.

Gara kada a faɗi sauran. Amma a rubuta cewa duk cikin mazauna Benen Farin Gajimare, da tsofaffi da masu ciki da yara, tsohon matuƙin tekun Indiya ne ya buɗe fage.

"Sannu, maigida," in ji A-Chu tana shafa masa baya, da murya yadda kowa zai ji. "Haka ya yi ranar ɗaurin aurenmu a jirgin fito. Tun ba a kwance igiya ba."

Malama Kuo ba ta yi dariya ba. Tana riƙe da ƙofa, kanta a ɗage tana sauraro.

"Ƙwallon ba ya motsi," ta ce. "A iska irin wannan ya kamata ana jin hucinsa har ƙasa. Lo, mabuɗi."

Lo ya shafa ƙugu, ya dubi Kyaftin. Kyaftin ya zura kai cikin hula, ya miƙo mabuɗin ta bayansa.

"Turare kawai na kai," ya ce daga cikin hular.

Duk mai iya tsayuwa ya bi Malama, ana dafa bango, ana hawa matakala biyu a sauko ɗaya. Kyaftin ma ya bi, don in ya zauna za a ce wani abu. Aka buɗe ƙofa. Ga ƙwallo a ɗaure tamau kamar bijimin da za a yanka, igiyoyi sun miƙe suna ƙara, ga abarba da guntun turare.

"Tirƙashi!" in ji Baba Tu. "Matuƙan da teku ta cinye sun ci sadakarsu sun yi aiki."

"'Yan'uwa na Gari ne!" in ji Kyaftin da sauri. "Ni igiya kawai na ajiye musu. Abin da suka yi da ita bayan na fita, oho."

Lo ya durƙusa ya fara neman gafara ta kowace kusurwa. Wasu maza suka kama ƙulli suna ja, ƙulli yana ƙara cijewa. Aka kawo wuƙar kicin, ta lanƙwashe. Aka buga wa kamfanin da ke kula da ƙwallon waya, suka ce ko amsa sunan uwarsu ba za su fito yi ba sai iska ta faɗi. Daga ƙasa kuma ana jin kukan yara da ƙarar kwanuka, rediyo na cewa guguwar ba ta ma gama isowa ba.

Malama Kuo ta gyara tabarau, ta tsuguna gaban ƙulli guda. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta saci kallon Kyaftin.

"Kai," ta ce. "Ban taɓa ganin ƙulli irin wannan ba. Duk wanda ya yi shi gwani ne. Wannan hannun babban kyaftin ne."

Ƙirjin Kyaftin ya fara tasowa da kansa. Ƙahon dama ya motsa. Ya buɗe baki, ya tuna kujera, ya rufe. Ya dubi silin.

"Fatalwa ma akwai gwanaye," ya ce.

"Af, tsaya." Malama ta ƙara matsawa. "A'a, na yi kuskure. Ashe ba ƙullin jirgi ba ne. Irin wanda masu sayar da kaguwa ke yi ne a kasuwa. Dubi nan, duk a hargitse. Kakata ma ta fi wannan iyawa in tana ɗaure dafaffiyar shinkafa a ganye."

"Kaguwa?" in ji Kyaftin.

"Shi ya sa ya ƙi kwantuwa. Wanda bai iya ba ne ya cukurkuɗa shi. Ƙullin gwani ai ja ɗaya ake masa."

"Ina jin yaro ne ma," in ji Baba Tu. "Ko maye."

"Kaguwa! Shinkafa!" Kyaftin ya yi jifa da hular, mutane suka dare. "Shekara talatin ina ɗaure jirgin fito a mashigin Cijin, rana da ruwa, ko sau ɗaya jirgi bai taɓa kufce min ba! Wannan ƙullin ni na ƙirƙire shi! Ni na ɗaura shi da hannun nan, ni kaɗai, da ciwon baya! Ja ɗaya kike so? Matsa ki ga ja ɗaya!"

Ya zura hannu ƙarƙashin ƙullin, ya kamo ɗan jelar nan, ya fizga. Igiya mai kaurin cinya ta zube kamar taliya. Ya tsallaka na biyu, fizga. Na uku ma ko kallonsa bai yi ba, ta baya ya ja shi, yana kallon Malama ido cikin ido. Weji suka fara tsalle suna dukan bango, kowa ya kwanta. Ya kama na huɗu ya ɗaga hannu ɗaya sama kamar mai jiran tafi.

Ya fizga. Ƙwallo ya yi wani dogon nishi irin na wanda aka tasa daga barci, ya tafi. Igiyar da har yanzu ke naɗe a jikinsa ta bi shi, jelarta ta zarge ƙafar Kyaftin, Kyaftin ya zauna daɓas, ya bi igiya.

Ba da gudu ba. Ƙwallon ba mai gaggawa ba ne. A hankali ya ja shi a kan mazaunansa zuwa wancan bango, ya ɗan tsaya, ya dawo da shi. Sandunan suka fara huci. Kuma tun a zuwa na uku mutane suka ji ƙasa na dawowa ƙarƙashin ƙafafunsu. Bene ya so tafiya hagu, ƙwallo ya ce dawo. Ya so tafiya dama, ƙwallo ya ce ina za ka. Kukan yaran ƙasa ya lafa. Lo ya saki ƙafar Baba Tu.

"A kwance shi mana," in ji wani.

"Ƙullin gwani ne," in ji Baba Tu. "Kada mu ɓata masa."

"Tunda mun cika," in ji Malama Kuo, "kuma akwatin zaɓe ya tafi yawo, a ɗaga hannu kawai. Masu son in ci gaba?"

Hannuwa suka tashi, wasu da bokiti a rataye. Kyaftin yana wucewa ya hango hannun matarsa a sama, har da ɗage.

"A-Chu! Har da..." ƙwallo ya tafi da shi. Aka jira. Ya dawo. "...ke?"

"Amalankena," in ji A-Chu.

"Zan saya..." ya tafi, ya dawo, "...miki sabo!"

"Masu son Malam Pan?"

Hannu ɗaya ya tashi daga ƙasa, ya wuce hagu, ya wuce dama.

Sai da yamma, da iska ta gaji, aka koma ɗakin taro. An goge romo, an mayar da kifaye ruwa, waɗanda suka rage. Kyaftin ya zauna a kan matashi biyu, don gindin wandon nan fari ya zauna a ɗakin ƙwallo. Malama Kuo, don kada a ce ba ta da adalci, ta ce daga yau duk sanda guguwa za ta zo shi ne mai ɗaure tukwanen fure da kwandunan shara na benen gaba ɗaya, da sharaɗin ko ƙofar ɗakin sama ba zai sake kalla ba. Kyaftin ya tambaya ko muƙamin yana da suna da za a rubuta a ƙofa. Aka ce babu.

Baba Tu ya ajiye almakashi a tebur. A-Chu ta ajiye madubi. Sannan ta buɗe jakarta ta ajiye wani ɗan akwati kusa da su.

Kyaftin ya daɗe yana harararsa. Ya buɗe, ya ɗauko tabarau, ya maƙala a hanci. Ya dubi madubi, ya dubi jama'a, ya ga ashe suna da fuskoki.

"To," ya ce. "Tunda an taru. Ranar Talatar nan babu iska. Ko safa ba ta motsa ba. Idona ne da hannuna. Igiya ni ne, weji ni ne, fatalwa ni ne, amalanke ma ba bene ba ne." Ya kama ƙahon dama, ya murza shi murzawar bankwana. "Amma ku faɗi gaskiya tsakaninku da Uwa Matsu mai tsaron teku: duk faɗin Kaohsiung, wa ya taɓa ɗaure bene mai hawa talatin da takwas shi kaɗai?"

"Yanke, Kyaftin," in ji A-Chu.

Ƙyat.